Keke 6, masu nema 47: yadda wani rabon tallafin nakasassu ya kaya a Tudun Wada

Littafin rajistar yana wurina har yanzu, irin mai jan bangon nan da masu adashe ke riƙewa. Ni aka ɗora wa sakatancin kwamitin, don a unguwarmu duk wanda ke koyarwa a makaranta shi ne marubucin kowane zama, ko ya so ko bai so ba. A ciki akwai sunayen mutum 47 da suka nemi Keke Napep guda 6. Ba zan kama sunan kowa a nan ba, har da na mai kyautar, domin gobe da asuba ma a sahu ɗaya zan tsaya da wasunsu.

Wani ɗan unguwa ne da Allah ya buɗa wa, yanzu yana zaune a Abuja, ya aiko da kayan bayan Babbar Sallah: Napep 6 sababbi fil a leda, da keken guragu na murzawa da hannu guda 20, ya ce a raba wa nakasassun ɓangarenmu na Tudun Wadar Kaduna. Ya haɗo da sharaɗi uku ta bakin yaronsa. Wanda za a ba ya zama ɗan unguwa. Ya zama shi zai tuƙa da kansa. Kada ya sayar, kada kuma ya ba wani yana kawo masa balas. Kwamitin mu shida ne: mai unguwa, limamin masallacinmu, Sarkin Guragu, wata Hajiya shugabar ƙungiyar mata, yaron Alhaji, sai ni.

Ranar da aka karanta sharuɗɗan babu wanda ya ce uffan. Ni kaina gani na yi sun yi daidai. Sai da aka fara rubuta sunaye na gane na biyun nan shi zai raba mana kai.

Abin da ya taso da mutum 47

Mai ƙafafu biyu lafiyayyu ba ya lissafin abin da fita ɗaya ke ci wa nakasasshe a Kaduna. Tun 2014 doka ta hana achaba a cikin gari, Napep ta zama abin hawan talaka. Mai Napep kuwa kujera yake sayarwa. Idan ya hango gurgu a bakin titi da kekensa, lissafi yake yi a ransa: sai ya sauko ya kama masa, keken zai cinye wurin mutum ɗaya ko biyu, ga ɓata lokaci. Sai ya kau da kai kamar bai gani ba. Wanda ya tsaya kuma shata zai ce. Tafiyar da ni zan biya kuɗin kujera ɗaya daga Tudun Wada zuwa Kasuwar Gumi, shi kuɗin mutum huɗu zai biya, zuwa da dawowa.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kowa ya ji a jikinsa, amma mai biyan shata ninki huɗu ya ji. Ga kuma dokar jiha da ta hana bara a titi tun 2016, wadda aka sha kai ruwa rana a kanta tsakanin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i da ƙungiyoyin makafi da guragu da kutare. An ce mutum ya bar bara ya kama sana'a, sana'ar tana kasuwa, kasuwar kuma sai da abin hawa. Shi ya sa Napep a idon waɗannan bayin Allah abu biyu ce a haɗe, ƙafa ce kuma jari ce. Alhaji jari ya yi niyyar bayarwa. Mafi yawan waɗanda na rubuta kuwa ƙafar suka fi buƙata, duk rigimar da ta biyo baya daga nan ta samo tushe.

Rabon keken hannu bai ci mana awa biyu ba, ba a kuma yi faɗa a kansa ba. Kuskurenmu a nan na rashin sani ne. Girmansu ɗaya duka, mu kuwa muka bi layi muna miƙawa. Yaro ɗan shekara 9 ya samu irin wanda ƙato ɗan shekara 40 ya samu, hannunsa ba ya kaiwa ga abin murzawa sai ya zamo gaba, bayansa ba abin jingina. Daga baya wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta gaya min tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar bayar da keken nakasassu: a fara duba mutum a auna shi, a daidaita masa keken, a koya masa amfani da shi, sannan a riƙa bibiya ana gyarawa. Ga Jos nan kusa, inda cibiyar Beautiful Gate ta su Ayuba Gufwan ta daɗe tana ƙera irin wannan keken, a Kano ma waɗanda suka yi shan inna da hannunsu suke ƙerawa. Da mun tambaya, da an nuna mana.

Mutum huɗu daga cikin littafin

Mafi sauƙin hukunci shi ne wani mai gyaran takalma, ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu biyu tun yana ɗan shekara 3. Tsaransa suna da yawa a littafin. A Agustan 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar cutar ta kau daga Afirka, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, yanzu ne ma suke tsakiyar ɗawainiyar iyali. Napep tana da wani sauƙi ga irinsa wanda mota ba ta da shi: totur a hannun dama yake, kulochi da giya a hannun hagu, birki kaɗai ke ƙasa wurin ƙafa.

Yana cikin waɗanda suka samu, ni na raka shi Tsohuwar Panteka ranar da za a mayar masa da birkin zuwa hannu. Mai waldar da igiyar leda ya yi awonsa. Ya sa shi ya hau kujerar direba, ya ce ya saki hannun dama ya kai shi inda ya fi masa sauƙi ba tare da ya karkata ba, ya ƙulla alama a nan. Sai ya yanko rodi ya lanƙwasa, ya liƙa ƙarshensa ɗaya a kan abin taka birkin, ɗaya ƙarshen ya taso har gefen gwiwa, ya zura masa guntun tiyo a kai don kada ya ci hannu. Sau uku ana fita gwaji cikin layi, ana dawowa ana rage tsawo. Na tambaya, to idan hannu yana kan birki wa ke riƙe da totur? Mai waldar ya yi dariya ya ce, "Malam, mai tsayawa me zai yi da totur?" Kuɗin aikin daga aljihun mai takalma ya fita, don babu wanda ya tuna da shi a lissafin kyautar.

Sai wani dattijo makaho, alaramma, mai koyar da hadda a wata Islamiyya a Unguwar Sanusi. Ɗansa ɗan shekara 22 ke kai shi yana ɗauko shi kullum, kuma yaron ya iya tuƙi, har karɓar Napep ɗin wani yake yi da dare. Da na karanta masa sharaɗi na biyu sai ya yi shiru yana shafa kan sandarsa. Can ya ce, "Malam sakatare, a rubuta ni dai. Idan an samu hali a gaya wa Alhaji, makaho ma yana da inda yake zuwa." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, za a faɗa." Na rubuta shi na 19, ina sane ba zai samu ba.

Wadda ta fi tsaya min a rai wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Na biyunsu ya yi shawara mai tsanani kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yanzu shekararsa 11, ba ya zama sai an tokare shi da filo, ba ya tafiya, amma yana gane kowa, yana kuma dariya idan an kira sunansa. An ce mata ta riƙa kai shi gashin ƙashi asibiti sau biyu a mako. Gidansu a cikin lungu yake, inda ruwan damina ya zaizaye hanyar ta koma kwata, don haka goya shi take yi da zane har bakin kwalta, ƙafafunsa na dukan bayan gwiwoyinta. A nan za ta tsaya neman shata, domin ba ya iya zama a matse cikin fasinja. Kafin mai ya tashi tana zuwa sau biyun nan. Daga baya ya koma sau ɗaya, lokacin da ta zo wurina kuwa wata guda ke nan ba su je ba, gaɓoɓinsa har sun fara sandarewa. Tana da ƙane da ke tuƙa Napep ɗin wani yana kai balas kullum. Abin da ta roƙa shi ne a ba yaron, kawunsa ya tuƙa, ya kai su asibiti, sauran lokacin ya yi haya.

Yaron Alhaji cewa ya yi kada in ma rubuta ta, tunda mai lalurar bai isa tuƙi ba kuma ba zai taɓa isa ba. Hajiya ce ta ce, "Rubuta ta, Malam. Idan za a hana ta, a hana ta a rubuce."

Na huɗun saurayi ne mai sikila, wanda ciwon ya cinye wa kan ƙashin ƙugu. Da safe idan ka gan shi ya taho babu sanda, da 'yar ɗingisa kaɗan, sai ka rantse lafiyarsa ƙalau. Da yamma kuwa taku hamsin sai ya zauna. Ya kawo takardun asibiti da hoton ƙashi, liman ya san gidansu, ya san daren da ake kwana a kansa. Ya cika sharuɗɗan nan uku, aka ba shi. Har yau akwai masu cewa ɗan gidan wani ne shi ya sa.

Daren da muka zauna

A zauren mai unguwa muka yi zaman bayan Isha'i, aka kai ƙarfe goma sha biyu. Ni da Hajiya muka nemi a kira Alhaji a roƙe shi ya sassauta sharaɗi na biyu. Hujjarmu ita ce sharaɗin ya juya abin a kife: iya tsananin lalurarka, iya nisanka da kyautar. Makaho ya fita, mai shanyewar ɓarin jiki ya fita, yaro ya fita, mai farfaɗiya ya fita. Waɗanda suka rage su ne masu ƙarfin hannu, wato waɗanda da ma sun fi sauran iya fita.

Sarkin Guragu ne ya tsaya a kan sharaɗin, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce shi ya ga jiya ya ga yau. An sha ba makaho babur a ce ɗansa zai riƙa kai shi, wata uku sai ka ga yaron ya mayar da shi nasa, ya yi aure da kuɗin hayar, uban ya koma riƙon sanda. An sha karɓar kaya da sunan yaro mai lalura, 'yan uwa su cinye, yaron na kwance a ɗaki. Ya ce abin da ke hannun nakasasshe shi ne nasa, wanda ke hannun ɗan uwansa aro ne. Duk wanda ya zauna da jama'a ya san haka na faruwa.

Amma akwai abin da ba a faɗa a zauren ba, ni zan faɗa. Sunaye biyar daga cikin shidan da ya kawo na 'yan ƙungiyarsa ne masu biyan kuɗin mako. Ban ce cin amana ya yi ba, su ya sani, su ke zuwa masa gaisuwa. Sai dai wanda ke kwance a ɗaki ba ya zuwa taron ƙungiya, don haka babu mai tuna shi ranar rabo. Yaron Alhaji kuma damuwarsa daban ce. Yana son ranar bikin miƙawa a ga kowane nakasasshe a zaune a kujerar direba ya tuƙa ya zagaya fili, don bidiyon da za a sa a Facebook. Makaho a kujerar baya ba ya ba da irin wannan hoton.

An kira Alhaji, ya saurara da kyau, ya ce a bar sharaɗin a wannan karon. Aka raba shida, duka maza. Mata 14 ne a littafin, ko ɗaya ba ta samu ba. Wata tela a cikinsu, mai shan inna, ta ce mana tun farko ita ba hayar Napep za ta yi ba, ina ita ina kokawa da 'yan tasha. Ƙaramin babur mai ƙafa uku take so, wanda zai kai ta Kasuwar Bacci ta sayo yadi ta dawo. Kuɗin Napep ɗaya zai sayi irinsa fiye da ɗaya, amma ba a tambaye ta ba kafin a sayo kayan.

Washegari sai ga wani ƙorafin daga inda ban zata ba. Samarin majalisar bakin shagon caji, masu lafiya, waɗanda wasunsu sun gama makaranta shekara biyar ba aiki, suna ta gunaguni: su da ke neman Napep ko ta balas ba su samu ba, an ɗauki sabuwa an ba wanda da ma ana ba shi sadaka. Ban ji daɗin maganar ba, amma na fahimci daga inda ta fito. Inda kowa ke jin yunwa, lomar da aka ba wani kowa ƙirga ta yake yi.

Yadda ake yi a Ingila

Wata 'yar yayata da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ce, da na ba ta labarin, ta ce ai su ma can irin wannan cacar baki ake yi, a kan wani tsari mai suna Motability. Tun 1977 aka kafa shi. Gwamnati tana biyan wanda lalura ta hana shi zirga-zirga wani alawus na musamman. Idan yana mataki na sama, yana iya cewa a riƙa tura kuɗin nan ga tsarin, su kuma su ba shi hayar sabuwar mota ta shekara 3, da inshora da sabis da taya da gyara idan ta tsaya a hanya duk a ciki. Mai kawai zai saya. Idan motar da yake so ta fi ƙarfin alawus ɗin, sai ya cika daga aljihunsa tun farko. Mutum fiye da 800,000 ke cikin tsarin yanzu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ba dole ba ne mai lalurar ya zama direba. Ana iya rubuta har mutum 3 da za su tuƙa, muddin don amfaninsa ake tuƙin, kuma iyaye na iya nema wa yaro daga shekara 3. Da a can alaramma da yaron nan suke, suna ciki. Kafin wannan tsarin kuwa, abin da gwamnatinsu ke bayarwa wata 'yar ƙaramar mota ce shuɗiya mai ƙafa uku da kujera ɗaya, wadda nakasasshe ke tuƙawa shi kaɗai, ba mata ba ɗa. Sai a 2003 aka hana ta hawa titi gaba ɗaya. Wato sharaɗinmu na biyu sun taɓa yin irinsa, suka bari.

Gunagunin majalisa ma suna da nasu. Jaridu da 'yan siyasa sun yi ta ƙorafin cewa mai aiki yana fama da tsohuwar mota, maƙwabcinsa da ba a ganin lalurarsa a ido yana hawa sabuwa, har a Nuwamban 2025 aka cire irin su BMW da Mercedes daga jerin motocin da ake bayarwa. Maganar da ake yi wa saurayinmu mai sikila ke nan, da wani harshe. Bambancin da ke tsakaninmu da su ya wuce yawan kuɗi. A can alawus ɗin haƙƙin mutum ne da ake biyan sa a kai a kai, shi ke zaɓar mota ko keken lantarki ko ya riƙe kuɗinsa ya yi tasi. A nan kyauta ce ta rana ɗaya, mai bayarwa shi ke zaɓar abin da zai bayar da wanda ya dace.

Mu ma ba mu rasa doka ba. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta yi maganar motocin haya da wuraren ajiye mota da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, aka kuma kafa hukumar nakasassu ta ƙasa a 2020. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021. Sai dai dokar tarayyar ba ta tanadi wani kuɗin zirga-zirga na wata-wata ba, don haka wannan giɓin masu hali da 'yan siyasa ke cikewa, kowa da sharaɗinsa.

Bayan wata takwas

Na bi shidan nan ɗaya bayan ɗaya, don mai unguwa ya ce in rubuta wa Alhaji rahoto.

Mai takalma da wani guda suna tuƙa nasu, suna ci suna ciyarwa. Mai takalma ma ya sa babbar 'yarsa a makarantar kuɗi. Saurayi mai sikila yana fita da safe ya tashi da azahar, ranar da ciwo ya motsa keken na kwana a rufe, amma yana riƙe da abinsa.

Ɗaya ya sayar. Da muka je masa bai ɓoye ba. Mai gida ya ba shi notis, ga bashin asibitin matarsa, sai ya sayar ya biya, ya sayi firji da ragowar ya kafa teburin ruwan sanyi da lemo a ƙofar gida. Yaron Alhaji ya so a kai shi wurin 'yan sanda. Liman ya tambaya, kyauta aka ba shi ko ajiya? Babu takardar da ta amsa wannan, maganar ta mutu a nan. Ni ban ji daɗin abin da ya yi ba, musamman idan na tuna matar nan da goyonta.

Na biyar shi ya sa na sake tunani. Hatsarin mota ne ya taɓa masa laka a hanyar Zariya shekarun baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Hannunsa da ƙarfi, shi ya sa ya cika sharaɗi. Wata biyu yana wuni a kujerar direba, awa tara awa goma, cikin zafi da gumi da gargadar hanya. Tunda ba ya jin zafi bai san fatarsa na mutuwa ba, sai da matarsa ta ga jini a wandonsa. Gyambon zama ne ya buɗe masa, irin mai cin nama har ƙashi idan aka yi sakaci. Likita ya ce ya kwanta rub da ciki na makonni. Sai ya ba wani yaro keken a ɓoye yana kawo masa balas, da sharaɗin duk ranar wanki da ɗaurin ciwo shi zai kai shi ya dawo da shi. A takarda ya karya sharaɗi biyu. Ni a rahotona na rubuta cewa a cikin shidan babu wanda keken ya yi wa aiki kamarsa, kuma sharaɗinmu ne ya jawo masa gyambon.

Napep ta shida tana jingine a ƙofar gida ƙarƙashin tamfol. Injin ya buga bayan wata biyar saboda ba a canza baƙin mai a kan lokaci ba, mai ita kuma ba shi da kuɗin tada shi. Ba a haɗa kyautar da ko sisin gyara ba, ba a kuma koya wa kowa abin da ake dubawa ba. Kaji har sun fara ƙwai a kujerar baya.

A kan wannan ta shidan muka sake komawa wurin Alhaji, wannan karon Hajiya ce ta yi magana, ta kuma tura masa hoton matar nan da yaron a bayanta a bakin kwalta. Ya yarda a gwada wata hanya. Aka yi takarda, mai unguwa da liman suka sa hannu. Kawun yaron ne direba. Litinin da Alhamis da safe asibiti ne. Kullum bayan La'asar zai kai alaramma Unguwar Sanusi, ɗansa ya ɗauko shi da Magariba. Sauran lokaci haya. Daga abin da aka samu ana ware na mai, ana ware wani abu a wurin Hajiya don gyara, ana kai wa ainihin mai keken nasa kason duk Juma'a, kuma ranar a kai shi masallaci a dawo da shi. Tsoron Sarkin Guragu muka sa a gaba wajen rubutun: keken ba na direba ba ne, idan ya saɓa ranar asibiti sau biyu ba dalili, a karɓi makulli.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Mai keken yana cewa an yi masa ƙwace da sunan taimako, kasonsa bai kai abin da zai samu da an gyara masa ya tuƙa da kansa ba, kuma ban iya cewa ƙarya yake yi ba. Sarkin Guragu bai sa hannu ba, bai kuma hana ba. Tela har yanzu shata take biya zuwa Kasuwar Bacci. An taɓa samun ranar da layin asibiti ya kai su har La'asar, alaramma ya yi ta zama a ƙofar gida da sandarsa, ɗalibai na jira, ya kira ni ya ce, "Malam sakatare, a takardarku wa ke gaba, ni ko yaron?" Na ce ba mu rubuta wannan ba. Ya ce to a rubuta yaron.

Yaron ya koma gashi sau biyu a mako, uwarsa ta ce hannunsa na dama ya fara sakewa har yana riƙe cokali na ɗan lokaci. Bakaniken da ya tada injin kuwa ba a gama biyan sa ba. Asusun Hajiya bai kai ba, tayar baya ɗaya ta riga ta cinye abin da aka tara. Ranar da na bi ta garejinsa na ga ya rubuta bashin da alli a jikin bango, kuma sunana ya sa a kai.